Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Amintattun Jami'ar Nebraska Kan Tsawaita Kwantiragin Koci

Zuwa ga mambobin Majalisar Amintattu ta Jami'ar Nebraska, da Shugaban Jami'a, da Daraktan Wasanni Troy Dannen.

Ranku ya daɗe. Muna gaishe ku da aiki, da fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Mu wasu masu jin Hausa ne da ke bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wadda ake runguma a hannu ana ture juna, ba tamaula ba, kuma ƙungiyarku ta Cornhuskers muke mara wa baya. Muna magana ne da yawun magoya bayan da ba su da kujera a ɗakin taronku, ciki har da mutanen jihar da suka saye tikitin filin Memorial kaf a kowane wasan gida tun ranar 3 ga Nuwamba 1962, jerin da ya kai wasa 400 a 2024. Jiha ce mai mutum kimanin miliyan biyu, ba ta da babbar ƙungiyar ƙwararru ko ɗaya, don haka abin da kuka sa wa hannu a ofis ba naku kaɗai ba ne.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne shawarar da kuka yanke a ƙarshen Oktoba 2025, ta ƙara wa babban koci Matt Rhule shekara biyu, kwantiraginsa ya kai 2032. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jami'ar Penn State ta sallami babban kocinta James Franklin a wannan watan, Rhule tsohon ɗan wasanta ne, kuma daraktan wasanninta Pat Kraft abokinsa ne tun zamansu a Jami'ar Temple. Kun ji tsoron a ɗauke muku shi. Mun fahimci tsoron. Ba kuma ƙarar Rhule muka kawo ba. Ƙarar wata ɗabi'a muka kawo, wadda jami'arku ta maimaita sau huɗu tun 2007, kuma kowane karo ta ƙare da biyan mutum kuɗi don ya tafi.

Kokenmu na farko ke nan, kuma ga lissafin. A watan Satumba 2007 aka tsawaita wa Bill Callahan kwantiragi, a Nuwamba na wannan shekarar aka sallame shi, bayan Kansas ta zuba wa Nebraska maki 76. A Maris 2014 aka ƙara wa Bo Pelini shekara, ranar 30 ga Nuwamba aka kore shi. A Satumba 2017 aka sanar da ƙarin shekara ga Mike Riley, cikin 'yan kwanaki Northern Illinois ta zo har gida ta ci 21 da 17, a Nuwamba shi ma ya kama hanya. Na Scott Frost ya fi ɗaure kai: a Nuwamba 2019, yana da nasara 8 da faɗuwa 13, kuma saura shekara biyar cur a kwantiraginsa na shekara bakwai mai darajar dala miliyan 35, aka sake ɗora masa biyu. Wa yake zawarcinsa a lokacin da har za a ɗaure shi? Mutum huɗu, tsawaitawa huɗu, sallama huɗu, uku daga ciki a shekarar da aka yi ƙarin. Kuɗin sallamarsu idan aka tara ya kai kimanin dala miliyan 30, ban da na mataimakansu.

Ga inda abin yake lalacewa, domin masu kare irin wannan shawara sukan ce ai tsawaitawa alama ce kawai ga yaran sakandaren da ake zawarcin su zo ƙungiya cewa koci zai daɗe. A takarda ba alama ba ce. Kwantiragin babban koci yana da ƙofa biyu: abin da shi zai biya idan ya tafi da kansa, da abin da jami'a za ta biya idan ta sallame shi ba tare da laifi ba. Ƙofa ta biyu ana lissafa ta ne da ragowar shekaru, don haka duk shekarar da aka ƙara, bashin ya ƙaru tun ranar da aka sa hannu, ko da albashi bai motsa ba. Kuma lauyan koci ya fi kowa sanin lokacin da ya kamata ya buga waya: sa'ad da wata babbar kujera ta zama babu kowa, kakar wasa kuma ba ta kai wurin wuya ba.

Wurin wuyan Nebraska kuwa sananne ne. A 2023 Rhule ya shiga Nuwamba da nasara 5 da faɗuwa 3, nasara ɗaya tak yake nema ya samu gurbin wasan ƙarshen kaka da ake kira bol, aka ci shi huɗu a jere, uku daga ciki da tazarar maki uku. A 2024 ya fara da 5 da 1, Indiana ta yi masa 56 da 7, ya faɗi huɗu a jere kafin ya doke Wisconsin, sannan Iowa ta sake cinsa 13 da 10 da bugun ƙarshe. Ranar da kuka sa hannu yana da nasara 18 da faɗuwa 15 jimilla, ba a yi mako biyu ba da Minnesota ta ci 24 da 6 tana kayar da kwatabak ɗinsa, wato ɗan wasan da ke jagorantar kai hari da jifar ƙwallo, sau tara. Tun da ta doke Oregon a Satumba 2016, Nebraska ba ta ci ƙungiyar da ke jerin manya 25 ba. Ba mu ce mutumin ya gaza ba. Ya kawo gurbin bol na farko tun 2016, ya ci Boston College 20 da 15, kuma tarihinsa a Temple da Baylor ya nuna shekara ta uku ce yake kai nasara 10 ko 11. To ai shi ya sa ya kamata a bar shekara ta ukun ta ƙare kafin a yi mata sakamako.

Koke na biyu ya fi wannan tsufa, kuma shi ne tushen ciwon. Daga 1962 zuwa 2003, shekara 42, Nebraska ta yi babban koci uku kacal. Bob Devaney ya zo daga Wyoming, ya ci wasa 101, ya ɗauki kambin ƙasa a 1970 da 1971. Ya miƙa wa mataimakinsa Tom Osborne, wanda ya yi kaka 25 bai taɓa cin ƙasa da wasa tara ba, ya tara nasara 255, ya ɗauki kambi a 1994 da 1995 da 1997, kuma a shekaru biyar na ƙarshe sau uku kawai aka ci shi. Mutane suna tuna kambunan, suna mantawa cewa sai a kakarsa ta 22 ya ɗauki na farko. Shi ma ya miƙa wa Frank Solich, wanda ya yi shekara 19 a ƙarƙashinsa. Abin da ya riƙe ginin ba sunayen nan uku kaɗai ba ne. Milt Tenopir ya yi kusan shekara 30 yana koyar da 'yan layin gaba. Charlie McBride ya haura 20 a ɓangaren tsaro. George Darlington ya yi 30. Boyd Epley ya kafa ɗakin ɗaga ƙarfe tun 1969, lokacin da yawancin kociyoyi ke ganin ƙarfe yana sa ɗan wasa nauyin jiki. Yaro zai shigo yana ɗan shekara 18, ya zauna shekara biyu yana koyon taku ɗaya daga bakin mutum ɗaya, kafin a sa shi a wasa.

A ƙarshen Nuwamba 2003 daraktan wasanni Steve Pederson ya sallami Solich yana da nasara 9 da faɗuwa 3, da 58 da 19 a shekara shida, da kambin 1999 na Big 12, gasar rukunin jami'o'in da kuke ciki a lokacin, da zuwa wasan ƙarshe na ƙasa a kakar 2001. Ba mu musanta cewa an yi rauni a 2002 ba, 7 da 7 aka tashi, amma Solich ya riga ya sauya mataimaka da yawa, kuma gyaran ya fara nunawa. Mafi muni, an kore shi ba tare da wani a hannu ba. Aka yi kimanin kwana 40 ana neman koci a daidai lokacin da abokan hamayya ke zaga gidajen yara suna ɗaukar 'yan wasa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kambin 1999 ɗin nan shi ne na gasa na ƙarshe da kuka ɗauka har yau. Solich kuwa ya tafi Jami'ar Ohio ya ci wasa 115, fiye da kowane koci a tarihin gasar da ya shiga, kuma a 2023 ku da kanku kuka kira shi fili kuka karrama shi.

Bari mu faɗi dalla-dalla abin da ke faruwa idan aka sauya salon wasa, domin nan ne masu sa hannu ba sa duba. Salon Nebraska na da shi ne na zaɓi: kwatabak ya karɓi ƙwallo, ya karanta motsin ɗan tsaro ɗaya da aka bari da gangan ba a tare ba, sannan ya riƙe ya ruga da kansa ko ya cilla wa mai gudu a gefensa. Wannan yana buƙatar kwatabak mai gudu da jurar duka, 'yan layi masu turawa gaba ƙasa-ƙasa, da masu karɓa waɗanda tare hanya ya fi kama ƙwallo yawa a aikinsu. Callahan ya zo daga ƙungiyar ƙwararru ta Oakland Raiders da salon gajerun jifa na ƙwararru, mai buƙatar 'yan layi dogaye masu ja da baya suna kare mai jifa, da kwatabak mai duba wuri uku ko huɗu cikin daƙiƙa uku. A lokacin ƙungiya tana da gurbin tallafin karatu 85, tana ɗaukar sababbi har 25 a shekara, don haka sauya jikin ƙungiya aikin shekara huɗu ne. A tsakanin nan sai a sa yaron da aka ɗauko don gudu ya yi jifa. Haka aka yi a 2004: kwatabak ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo sau 19, Texas Tech ta ci 70 da 10, aka ƙare da 5 da 6, kaka ta farko da faɗuwa ta fi nasara tun 1961, jerin shekara 35 na zuwa bol ya yanke.

Da sau ɗaya aka yi, da sai a ce kuskure. Amma Pelini ya mayar da ƙungiya ga kwatabak mai gudu, Riley ya zo da salon mai tsayawa ya yi jifa, a 2017 kuma ya sauya tsarin tsaro daga mutum huɗu a layi zuwa uku ba tare da ƙaton tsakiyar da tsarin ke dogara a kai ba, aka tashi 4 da 8. Frost ya zo da salon sauri na baza fili. Rhule ya dawo da maganar ƙarfi da gudu. Kowane sauyi yana cin aji biyu na 'yan wasa, kuma koci bai taɓa samun shekarun da zai ga nasa yaran sun girma ba sai an fara ƙirga masa kwana. A cikin wannan juyi ne kuma kuka bar Big 12 zuwa Big Ten a 2011, kuka daina zuwa Texas wasa kowace shekara, inda iyayen yaran da kuke ɗauka suke iya ganin 'ya'yansu ba tare da hawa jirgi ba.

Game da Pelini ba za mu yi dogon bayani ba. Bai taɓa cin ƙasa da tara ba a kaka bakwai, amma Wisconsin ta yi masa 70 da 31 a wasan ƙarshe na gasa a 2012, ta sake yi masa 59 da 24 a 2014 ranar da Melvin Gordon ya yi gudun yadi 408, ga kuma zafin bakinsa. Akwai hujjar rabuwa da shi. Abin da babu hujjarsa shi ne a kori mai cin tara don a kawo wanda ya tashi 19 da 19.

Koke na uku ya shafi kujerar da ke sama da koci. Tun 2002 daraktocin wasanni shida kuka yi: Pederson, Osborne, Shawn Eichorst, Bill Moos, Trev Alberts, sai Dannen. Ku duba yadda abin ke tafiya. Pederson ya tarar da Solich a kujerar koci ya kore shi. Osborne, tsohon kocin da ya dawo a matsayin darakta, ya tarar da Callahan ya kore shi. Eichorst ya tarar da Pelini, Moos ya tarar da Riley, Alberts ya tarar da Frost, duk hanya ɗaya. Babu koci ɗaya tun 2003 da wanda ya ɗauke shi ne ya sallame shi. Wato ma'aunin da aka yi masa alkawari ranar ɗauka ba shi ake auna shi da shi ranar kora ba. Alberts ya ɗauko Rhule a Nuwamba 2022 kan dala miliyan 74 na shekara takwas, kafin watanni 16 su cika ya koma Texas A&M. Maƙwabciyarku Iowa kuwa koci biyu ta yi tun 1979, Hayden Fry da Kirk Ferentz, kuma Ferentz ya fara ne da 1 da 10, sannan 3 da 9. Mun san za a ce ai Curt Cignetti ya ci 11 a shekararsa ta farko a Indiana, don haka zamanin haƙuri ya wuce tun da aka buɗe wa 'yan wasa ƙofar sauya sheƙa daga jami'a zuwa jami'a. Gaskiya ne ƙofar ta gajarta lokacin gini. Amma ta gajarta lokacin rushewa ma, domin yanzu idan koci ya tafi, yaransa na iya bin sa cikin mako.

Na huɗu, ɓoye ma'auni da rashin lissafin lokaci, kuma labarin Frost ya ishe mu misali. Bayan kakar 2021 aka sake fasalin kwantiraginsa: albashi ya sauko daga dala miliyan 5 zuwa 4, kuɗin sallama zai sauko daga miliyan 15 zuwa 7.5 ranar 1 ga Oktoba 2022, aka kuma ce an gindaya masa sharuɗɗa amma aka ƙi faɗar su. Sai da jaridar USA Today ta kai ƙara kotu kafin jama'a su ji cewa sharaɗin nasara shida ne da gurbin bol. Me ke cikin wannan da za a ɓoye? Ranar 11 ga Satumba 2022, bayan Georgia Southern ta ci 45 da 42 a gidanku da ke Lincoln, aka sallame shi, saura kwana 20 bashin ya rabu biyu. Dala miliyan 7.5 kuɗin kwana 20. Wanda ya rubuta ranar 1 ga Oktoba ya san akwai wasanni kafin ranar. Ya kamata tun farko a yi saukar bashin mataki-mataki, ba tsalle ɗaya ba.

Kuma abin da ya kashe Frost ba ya buƙatar boka. Wasannin da aka tashi da tazarar maki takwas ko ƙasa, ya ci 5 ya faɗi 22. A 2021 ya tashi 1 da 8 a gasar Big Ten alhali makin da ya ci da wanda aka ci shi daidai suke, 239 kowanne. Wani ɓangare na asarar daga ɓangaren bugun ƙafa ya fito, wanda shekaru aka yi ba shi da cikakken mai kula: a Oklahoma an tare bugun ƙarin maki aka mayar musu da shi, a Michigan State an buga ƙwallo gefen da babu masu tarewa aka ruga da ita, a wasan Iowa an tare bugu aka juya wasan da suke gaba. A Dublin a 2022 suna gaban Northwestern 28 da 17 ya sa a yi ɗan gajeren bugun neman sake ƙwace ƙwallo, dabarar ta ci tura, aka ci su 31 da 28. Daraktan da ke duba aiki kowace shekara zai iya tambaya tun 2019: wa ke da alhakin wannan ɓangaren, minti nawa ake ba shi a atisaye? Maimakon tambaya, ƙarin shekara biyu aka bayar.

Ga buƙatunmu, ranku ya daɗe.

Ku kafa doka a majalisa cewa ba a tsawaita kwantiragin babban koci tsakanin wasan farko da wasan Iowa na ƙarshen Nuwamba. Idan wata jami'a ta zo zawarci a tsakiyar kaka, a ba shi lada na lokaci ɗaya da za a biya idan yana nan a watan Janairu. Wannan yana riƙe mutum ba tare da ɗora bashin shekaru ba. Kuma daraktan da ake tababar kujerarsa kada ya sa hannu a kan komai mai tsawo: Pederson da Eichorst duk an sallame su cikin makonni bayan ƙarin da aka yi wa kociyoyinsu.

Ku rubuta ma'aunin da za a auna Rhule da shi, ku buga shi kafin kowace kaka, a kuma ajiye shi a hannun majalisa don kada ya tafi da darakta. Kada ya tsaya ga yawan nasara. A sa sakamakon wasanni tara na gasa, da na Nuwamba, da na wasannin kusa-da-kusa, da bambancin ƙwallon da aka zubar da wadda aka ƙwato (sau 31 aka zubar a 2023, mafi yawa a manyan ƙungiyoyin ƙasar), da adadin 'yan layin da aka raina a gida har suka zama masu farawa.

Duk sabon kwantiragi ya ƙunshi abu uku: kuɗin sallama da ke raguwa kowane wata, biya kashi-kashi maimakon dunƙule, da sharaɗin cewa wanda aka sallama zai nemi aiki a cire sabon albashinsa daga bashin. Irin wannan sharaɗi ne ya rage abin da kuka biya Pelini da ya koma Youngstown State.

Ku karkatar da wani kaso na kuɗin tsawaitawa zuwa ga mataimaka. Rhule ya sauya mai kiran wasan kai hari a tsakiyar kakar 2024, mai kula da tsaro Tony White kuma ya tafi Florida State a ƙarshenta. Kocin layin gaba da na bugun ƙafa su samu kwantiragin shekara uku da ladan zama.

Tun da yarjejeniyar kotu ta 2025 ta ƙayyade 'yan wasa 105 ga ƙungiya, ta kuma ba jami'o'i damar raba wa 'yan wasa har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kowace dalar sallama yanzu dalar ɗan wasa ce da ba a samu ba. Ƙayyadewar ta kuma taɓa al'adarku ta karɓar yaran ƙauyukan jihar da ke zuwa ba tallafi, waɗanda a da suke kai yawan ƙungiya kusan 150. Ku faɗa wa jama'a guraben nawa aka ware musu cikin 105.

Daga ƙarshe, muna roƙon ku fitar da takarda guda mai nuna abin da aka biya kowane babban koci da mataimaki da darakta da aka sallama tun daga Nuwamba 2003, shekara bayan shekara, tare da abin da jami'a za ta biya idan ta rabu da Rhule a ƙarshen kowace kaka daga yanzu zuwa 2032. A gabatar da ita a zaman majalisa na bainar jama'a kafin a fara sayar da tikitin kaka mai zuwa.

Mun gode da sauraro. Allah ya taimake ku.

Naku,
Wasu magoya bayan Cornhuskers masu jin Hausa.